Ludayi Ɗaya na Ruwa

Ina tankaɗen garin jar dawa da hantsi na ji ƙarar hauya a bayan dangarmu. Na leƙa ta tsakanin kara, sai ga Halilu a duƙe yana tona ƙasa a gindin aduwa, daidai inda maigidana yake shimfiɗa buzu ya yi wa mutane aski. Ko sallama bai yi ba.

"Lahiya, Halilu? Ko gujiya ka shibka nan ba mu sani ba?"

"Jinin yayana nike biɗa," ya ce, bai ko ɗago kai ba. "In da gaske an binne shi, nan ya kamata in ishe shi."

Halilu ƙanen Jatau ne, maƙwabcinmu na jikin danga a Korgom. Maigidana kuwa shi ne Mamudu wanzami, wanda duk gari ke kira Wanzam, har da ni. Wata guda ke nan da ya yi wa Jatau ƙaho a gindin aduwar nan, kuma mako biyu ke nan Jatau yana kwance. A wurinmu ba a wasa da jinin ƙaho. Wanzami zai tona rami ya juye shi, ya rufe a gaban mai jinin, don kada gobe a ce an kai wa boka. To ran nan, ana cire ƙaho na ƙarshe sai aka ji dirin kamyon, babbar motar hatsi, Jatau ya saki ƙafar wandonsa ya ɗingisa ya tafi buɗe mangaza, ɗakin ajiyar hatsin taimako, bai tsaya ya ga an rufe ramin ba. Wanzam ya binne jinin, da idona na gani. Sai dai shaidar mace a kan mijinta ba mai ɗaukarta.

Ramuka uku Halilu ya tona, bai ga komai ba. Jinin da ya yi wata a cikin rairayin bazara, me zai rage a ciki? Ya saɓa hauyarsa, ya gaya mini cewa in wani abu ya sami yayansa, ba shi zai yi tambaya ba, jandarma ne za su yi.

Ba magana ce ta banza ba. Bazarar da ta biyo daminar da ta ƙi ce, an rufe iyakar Nijeriya, garin ya dogara da jar dawar taimako. Soja ke mulki, kuma duk maganar da ta taɓa hatsin taimako ba ta kwana a gaban maigari. Jatau ne ke riƙe da mabuɗin mangazar. Idan aka ce wani ya yi wa mai mabuɗi sammu, mota za ta zo, wanda ta ɗauka kuwa ba a tambayar ranar dawowarsa.

Abin da ya ƙara ɓata lamarin, Wanzam da bakinsa ya janyo mana. Ƙanwarsa ta sauko daga wajen Mayahi da 'ya'ya huɗu bayan dabbobinsu sun ƙare, ya je mangaza ya roƙi Jatau ya ƙara mana tiya biyu. Jatau ya ce ba ta cikin mutanen gari, ba zai taɓa rabon wani ba. Wanzam ya fusata a gaban jama'a ya ce, Allah ya kai su ranar da Jatau zai nemi abu a hannunsa. Mutum arba'in suka ji wannan. Abin da ba su gani ba shi ne ƙwaryar da Zuhura, matar Jatau, ta riƙa miƙo mini ta saman danga tun daga washegari, ɗebe daga rabon gidansu. Jatau ya koma cin abinci sau ɗaya a yini, yana cewa zafi ne ya rufe masa ciki.

Ni dai mace ce mai zargi, ban taɓa ɓoyewa ba. Kazata ta ɓata da safe, kafin la'asar na san gida uku da zan sa wa ido. Har ƙwaryar Zuhura sai da na fara ba kaji suka tsattsaga, na ga ba su faɗi ba, sannan na ɗora tukunya. Saboda haka da Jatau ya kwanta, ni ma ina da nawa mutanen. Na zargi Halilu, don kowa ya san yana kwaɗayin mabuɗin nan. Na zargi wani bafatake da ya sha ruwa a ƙofar gidansu. Na zargi jar dawar kanta, wadda ba mu san ƙasar da ta fito ba. Mutum ɗaya ne bai zo mini a rai ba ko sau ɗaya.

Jatau a dā mahaƙin rijiya ne. Shekara goma sha ɗaya kafin wannan, igiya ta tsinke da shi, ƙwaurinsa na dama ya karye gida biyu. Aka kai shi babban birni, likitoci suka ɗaura masa ƙarfe a jikin ƙashin suka ɗinke. Tun daga nan yake ɗingishi, yana kuma alfahari da ƙarfen. Yakan ƙwanƙwasa ƙwaurin da ɗan yatsa ya ce mini, duk Korgom shi kaɗai ne ba zai ruɓe duka ba. Mutum ne mai tsokana. Bai taɓa kirana Habsatu ba sai Magajiya mai rowa, ni kuma ina ce masa Baba gurgu, Zuhura tana dariya.

Ranar ƙahon, shi ya zo da kansa ya ce ƙafar tana masa nauyi, mataccen jini ya taru a kan tabon, a kafa masa ƙaho a wurin. Wanzam ya so ya kauce wa tabon, Jatau ya matsa. Wanzam yana da al'ada da ya gada wurin mahaifinsa: ba ya tsaga fatar mutum sai ya wanke wurin da ruwan ɗumi da sabulun salo, ya sake ɗauraye shi. Ya leƙo gida ya ce in ɗora masa ruwa rabin ƙwarya. Ni kuwa tun asuba nake bakin rijiya mai zurfin gaba ashirin da wani abu, layin mata har bayan masallaci, na samo tulu ɗaya tak, kuma bakin mutum goma sha ɗaya ke jiransa. Na ce masa ƙafar da ta yini cikin turɓaya ba za ta sha ruwan 'ya'yana ba. Na ɗebo ludayi ɗaya, ban ɗumama ba, na miƙa masa. Ya tsaya yana kallona, sannan ya karɓa. Ya jiƙa tafinsa ya shafa ƙwaurin, ya kafa ƙaho. Har na ji daɗi a raina, na ce na yi tattali.

Ciwon bai zo da gaggawa ba. Tsagar ta warke, sai guda ɗaya a tsakiyar tabon da ta riƙa tsatsar ruwa fari-fari. Daga nan zazzaɓi ya soma zuwa da yamma, ya tafi da safe. A ɗan gidan likitan garinmu aka ba shi maganin zazzaɓin sauro, bai ji ba. Aka yi masa allurar fenisilin kwana bakwai, ita ma kamar an zuba ruwa a rairayi. Wannan ne ya ɗaure wa maganar Halilu gindi, don a ganin mutane cutar da ba ta jin allura ba ta likita ba ce. Masu zuwa aski suka ɗauke ƙafa. Wanzam ya riƙa yini a gindin aduwa yana wasa askarsa, ba kan da zai ɗora ta. An yi suna biyu a unguwa, aka je har wani ƙauye aka ɗauko wanzami.

Kwana uku bayan tone-tonen Halilu, Jatau ya kasa taka ƙafar, maigari ya sa aka ɗora shi a kamyon hatsi da zai koma Tasawa ba kaya. Zuhura ta hau, Halilu ya hau. Ni ma na ɗaura zane na hau, na ce taya jinya zan yi. Gaskiyar magana, ban yarda Halilu ya ji bayanin likita shi kaɗai ba, ya dawo gari ya juya shi yadda yake so.

Wanda ya karɓe mu a Tasawa shi ne Majo Tanko, babban ma'aikacin jinya na wurin, wani dogo mai tabarau da ke cakuɗa Hausa da Faransanci. Ya danna tabon, ya shinshina, ya tambayi shekarun ƙarfen. Ya lakato ruwan ciwon da auduga a tsinke, ya ja jini a kwalba, ya ce za a aika babban birni a shuka su a ga abin da zai tsiro. Na ce a raina, ga shekarar da gero ya ƙi tsirowa, shi jini zai shuka.

Kwana shida muka jira a ƙarƙashin dalbejiyar gidan likita. Da takarda ta zo, Majo ya karanta ya ɓata fuska. Ya ce abin da ya tsiro wata ƙwaya ce da ke zaune a fatar kowane ɗan Adam, ba ta cika cutar da kowa ba. Mai yiwuwa ne a bakin allura ta maƙale lokacin jan jinin ta faɗa kwalbar, don haka ba zai yanke hukunci da wannan ba. Halilu ya dube ni, ya ce to ga shi nan, likita ma ya duba bai ga cuta ba.

Majo bai kula shi ba. Ya wanke hannun Jatau na dama da wani jan magani har sau uku, ya jira ya bushe, ya ja jini. Bayan sallar azahar ya yi haka a na hagu. Ya kuma ɗaura masa ruwa da wani maganin da ya ce ya fi fenisilin ƙarfi. Zazzaɓin ya sauka kwana biyu, har Jatau ya sha kunu ya tsokane ni, sannan ya dawo. A kwanakin nan ban ci abin kirki ba. Duk sanda Halilu ya fita, sai na bi shi da ido in ga ko hanyar jandarma ya nufa.

Takarda ta biyu ta zo ran Talata. Majo ya jawo kujera ya zauna kusa da gadon, ya ce mu matso.

"Bon. Kwalba biyu, hannu biyu, ƙwaya guda ce ta hito. Yanzu na tabbata ita ce. Ba daga waje anka kawo ta ba, Baba. Taka ce. Tun ranar da anka haihe ka tana bisa jikinka, tana bisa nawa, tana bisa na ƙanenka. Muddin tana waje, ba ruwanta da kowa. Amma in ta samu ƙohwa ta shiga, ta ishe jiki ba ƙarhi, ta kuma ishe ƙarhe, to ta samu gida. Liƙe mashi takan yi, ta yi yauƙi ta rufe kanta, magani shi wuce ta bisa."

Halilu ya tambaya, in tana jikin kowa, me ya sa yayansa kaɗai ta kama. Majo ya ce don yayansa ne mai ƙarfe a ƙafa, kuma ga alama ya daɗe ba ya cin abinci. Zuhura ta sunkuyar da kai. Sannan Majo ya nuna 'yan layukan tsagar da ke kan tabon, ya tambayi wanda ya yi su. Halilu ya yi caraf ya faɗi sunan maigidana.

"Ƙaho ne," in ji Majo. "To kahin a tsaga, an wanke wurin da sabulu?"

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Wata guda ina raba zargi gida-gida, sai ga shi ya zo ya tsaya a gabana. Na ga ludayin, na ga yadda Wanzam ya tsaya yana kallona kafin ya karɓa. Kunya da tsoro suka rufe ni. Na san ya kamata in yi magana, na kuma san in na yi, Halilu ya sami abin da yake nema.

Jatau ne ya amsa, a hankali, idonsa a rufe.

"Ni na ce a sa ƙahon bisa tabon, Majo. Wanzam ya ƙiya, na matsa mashi. Ruwa kau, wanda ke akwai an sa. Kai ma ka san shekarar ga."

Majo ya gyaɗa kai. Ya ce ko da an wanke ba zai rantse da ba ta shiga ba, wanki rage ta yake yi, ba ya ƙarar da ita. Wannan maganar na riƙe ta shekara da shekaru, ina juya ta, ba ta taɓa isata ba.

Magani, in ji shi, shi ne a kai Jatau babban birni a buɗe ƙafar a cire ƙarfen, a yi makonni ana ɗura masa magani ta jijiya. Amma bai ɓoye mana ba: ƙwayar ta riga ta bi jini, zuciyar tana wani sauti da bai so ba, kuma jikin da ya rame haka da wuya ya ɗauki yanka. Ya ce duk da haka zai rubuta takarda in mun yarda. Jatau ya ce a'a. Ya ce da ƙarfensa ya zo, da shi zai koma, a mai da shi Korgom.

A cikin kamyon komawa Halilu bai yi shiru ba. Ya ce shi bai ga wata ƙwaya ba, tsaga ya gani, kuma ya san hannun da ya yi ta da bakin da ya yi alkawari a mangaza. Ko da ƙwayar ce, ai turo ta aka yi. Jatau yana kwance a kan buhunan wofi, kansa a cinyar Zuhura, na ɗauka barci yake.

Da na isa gida na sami Wanzam ya rataye zabirar kayan askinsa a ƙusa, ta yi ƙura. Na ba shi labarin duk abin da Majo ya ce, har tambayar sabulun. Na jira ya ce wani abu a kan ludayin. Bai ce ba, a ranar ko bayanta. Ya tambaye ni dai ko Jatau yana iya shan fura.

Ran Juma'a da hantsi Zuhura ta leƙo ta danga ta ce Baba yana kiran Wanzam, ya zo da zabira. Muka fita muka tarar an ɗauko Jatau a kan tabarma an ajiye a gindin aduwa, an jingina shi da turmi. Ya sa an kira liman da wakilin maigari, masu wucewa kuma suka tsaya, har wurin ya cika. Ya rame har wuyansa ya zama kamar na tulu. Ya cire hularsa da kansa.

"Wanzam, aske ni. Ban son in tahi da sumar ga." Ya juya wajen ƙanensa. "Halilu, kai za ka tara gashin, ka binne da hannunka, tun da kai ne mai hauya."

Wasu suka yi 'yar dariya, suka kuma haɗiye ta. Ya huta, ya ja numfashi, sannan ya ce a gaban liman: ciwonsa daga jikinsa ya fito, likita ya auna sau biyu ya gani. Babu komai tsakaninsa da Mamudu sai maƙwabtakar shekara talatin. Duk wanda ya kai sunan Mamudu wurin hukuma bayan ransa, ko da uwa ɗaya ta haife su, bai yafe masa ba. Halilu ya durƙusa a inda yake tsaye, ya rufe fuska da hannun riga.

Wanzam ya kwance zabira. Ya ɗago ya dube ni, na gane ruwa yake nufi. Na juya zan shiga gida, sai Jatau ya yafuto ni da yatsa. Na duƙa kusa da shi, don muryar ta yi ƙasa ƙwarai.

"Magajiya mai rowa," ya ce, yana murmushi. "Yau dai kar ki auna."

Danga ce ta kara tsakanin madafata da gindin aduwa. Ashe ya ji ni ran nan, kalma da kalma. Ya ji, ya miƙa ƙafar a haka, ya kuma yi kusan wata biyu da sanin nan bai gaya wa ko Zuhura ba. Na shiga gida ina kuka, na ɗora ruwa a wuta, na juye tulun duka a babbar ƙwarya, na ɗauko sabulun salon da nake ɓoyo. Wanzam ya wanke kan sau biyu, ya aske shi tas, har ƙeya da ƙarƙashin haɓa, Jatau ya miƙa masa wuya idonsa a lumshe. Halilu ya tsince gashin ɗaya bayan ɗaya. Kafin a tashi, wakilin maigari ya cire hula ya zauna a buzun, ya ce shi ma a rage masa.

Jatau ya rasu ran Lahadi bayan azahar. Ba mota ta zo, ba wanda ya sake tayar da maganar.

Da na ji kukan Zuhura ban shiga gidan ba, rijiya na nufa. Matan da ke layi suka buɗe mini hanya. Na ja guga har igiya ta saɓule mini tafi, na kai tulu na farko ƙofar inda maza za su yi masa wanka, na koma. Na kai na biyu, na kai na uku. A na huɗu liman ya aiko a ce mini ya isa haka, har ya yi yawa. Na ajiye shi duk da haka.

Na dawo gidanmu na zauna a bakin madafa. Ta bayan danga ina jin ƙarar zubar ruwa, da muryar Wanzam yana cewa a ɗaga ƙafar a hankali. Can sai ruwan ya ɓullo ta ƙarƙashin karan, ya miƙo cikin tsakar gidana siriri, ya zo kusa da murhu ya tsaya. Ludayin yana rataye a jikin dangar, inda na saba sa shi. Kaji suka taru suna sha, rairayi yana shanye sauran.